Baffa, Mai Tsaron Hanyar Ruwa

Ranar da Baffa ya rasu, waɗanda suka fara shigowa gaisuwa ba dangi ba ne. Maza ba su kai ga dawowa daga maƙabarta ba sai ga matan Unguwar Tudu a jere, Buzaye da Fulani da sauran waɗanda fari ya koro daga arewa, kowace da tulu a ka. Suka juye ruwan a randunan gidan har suka tumbatsa, sannan suka nemi gindin katanga suka zauna. Tsohuwar cikinsu, wadda duk Matameye an san ta taɓa tsine masa a gaban jama'a, ita ta fi kowa kuka. Ta rufe fuska da baƙin mayafinta tana ta jijjiga, aka rasa mai ba ta baki.

A zaure kuwa magana iri biyu ake yi. Liman ya ce an rasa mai gaskiya. Wani Alhaji ɗan kasuwar Damagaram, wanda ambaliyar daminar da ta wuce ta rushe wa magaza, wato ɗakin ajiyar hajarsa, ya shafa addu'a ya ce, "Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai amana. Amma bakinsa, Malam. Bakin nan nasa." Ba wanda ya tanka masa, ba kuma wanda ya musa. Iya, matar Baffa, da aka yi mata gaisuwa sai ta ce, "To, ya huta da kallon sama."

Baffa wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne mai unguwarmu tun ina goye. Shi ya kama hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, a lokacin da kai ɗiya mace can abin magana ne, don haka tunda na iya riƙe alƙalami, hakkinsa ne a kaina in rubuta. Na Allah muke, wurinsa za mu tattara, wannan babu jayayya. Abin da nake tsoro shi ne a binne labarin mutumin nan tare da shi, ya zamana abin da ya rage a bakin mutane sunan tsokanar da aka laƙaba masa kawai, wai Mai Jiran Ruwa.

Dogo ne, baƙi, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda sandar ga-ruwa da ya ɗauka a Ikko zamanin ƙuruciyarsa. Ba shi da sauƙin hali, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Idan ya yi fushi da mutum sai ya daina kiran sunansa, ya koma ce masa "bawan Allah", kuma yana iya shekara a haka. Kullum bayan sallar asuba, kafin ya sha kunu, sai ya gangara kwarin da ke bayan unguwarmu ya bi shi da sanda, yana ture shara yana tuge ƙaya. Kwarin nan a da ƙorama ce. Nan kakanmu yake noman rake da rogo, mu ma mun yi wanka a ciki muna ƙanana. Da fari ya zo sai ya bushe ƙaf, ya koma rairayi da tsagaggiyar laka, har waɗanda aka haifa daga baya ba su yarda ruwa ya taɓa bi ta nan ba. Amma duk matar da ta zubar da toka a ciki, Baffa zai tsaya a ƙofar gidanta har sai ta fito da tsintsiya da kwando.

"Hanya ce," haka yake cewa. "Mai ita tafiya ya yi, zai dawo."

Na daɗe ban san daga inda wannan tsoro ya samo asali ba, sai wata rana da zazzaɓi ya kwantar da shi ina yi masa fifita. Ya ce lokacin da suke cin rani a Ikko, zangonsu a bakin teku yake, a kan ƙasar da aka cike da yashi da shara. Suna da ɗan masallaci na kwano, da ƴar maƙabarta a bayansa. Nan suka binne amininsa, wani ɗan Kurni da suka tafi tare tun daga gida. Duk shekara idan ya koma sai ya je ya yi masa addu'a, duk shekara kuma sai ya tarar ruwa ya matso.

"Ba da gudu yake zuwa ba, ɗiyata. A hankali yake takowa. Bana ya ci gindin kwakwa, baɗi ya ci bayan masallaci, muna gani muna cewa ai da saura. Zuwana na ƙarshe na tsaya ina neman kabarin, sai wani masunci ya nuna mini da baki ya ce ga shi can, ƙarƙashin inda aka ɗaure kwalekwale. Na yi masa addu'a ruwa na dukan gwiwata. Da na dawo gida uwarsa ta tambaye ni ko kabarin yana nan lafiya."

"Me kuka ce mata, Baffa?"

"Na ce yana nan."

Shekarun da soja suka karɓi mulki, mu abin da muka sani shi ne layin rabon jar dawa da mushen shanu a bakin hanya. Ana cikin haka aka turo wani saurayin injiniya daga Damagaram, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci ɗan boko da Faransanci. Aikinsa ya tsara yadda garuruwan yankin za su faɗaɗa, tun daga wajen Kance har ƙauyukan Kurni, ina za a yanka filaye, ina za a bari. Da ya ji labarin tsohon da ba ya barin a zuba shara a kwari, da ƙafarsa ya zo zaure. Suka shaƙu nan da nan. Sai ka gan su cikin rana tsaka, tsoho da sanda, saurayi da naɗaɗɗiyar taswira a hammata, suna bin kwarin ƙauye bayan ƙauye. Baffa ya nuna masa inda ruwa ke kaiwa zamanin kakanni. Mushe kuma ya faɗa masa abin da bai taɓa sani ba, wato farin ne da kansa yake shirya ambaliya. An sare itatuwa an sayar, dabbobi sun cinye ciyawa har saiwa, ƙasa ta daskare kamar daɓe. Ranar da ruwa mai yawa ya sauka ba zai nutse ba, ba kuma abin da zai tare shi. Gudu zai yi ya taru wuri ɗaya.

Ranar nan Baffa ya dawo gida yana ta maimaitawa kamar ɗan makaranta. "Kin ji, uwar gida? Yaron nan ya ce yunwar nan ita ke share wa ruwa fage. Ni ban san haka ba. Wallahi ban san haka ba."

Shirin nasu ba shi da wuyar faɗa. A bar cikin kwari ba gini tun daga sama har ƙasa, a yashe tafkunan da rairayi ya cike, a jera duwatsu a gangaren gonaki, a dasa gamba da itatuwa a gaɓa. Wuyar ita ce sai duk garuruwan sun yarda tare, don ruwan da ya sauka a gonar ƙauyen sama, a ɗakin mutumin ƙauyen ƙasa yake kwana. Baffa ya ɗaura wa jakinsa akumari ya bi masu gari ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka saurare shi don furfurarsa. Wasu suka ce ya sha ruwa ya huta tukuna, ruwan ma rabin ƙwarya ne.

Daga baya aka kira taro a bariki gaban kumandan mai kaki. Mata ba su je ba, mijina ne ya ba ni labari. Mushe ya shimfiɗa taswira ya yi bayani da Faransanci, Baffa ya miƙe ya yi da Hausa. Kumandan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tsoho, jiya an binne yara a zangon masu gudun yunwa. Kamiyon da nake da shi, motar kaya ɗaya tak, tsaba yake ɗauka. Mutanen da kake so su jera duwatsu da ƙyar suke ɗaga ƙafa. Ka kawo mini ruwan tukuna, ko na ambaliya ne, in gode maka." Jama'a suka yi dariya, irin wadda ake yi idan mai bindiga ya yi raha. Mijina ya ce mutumin ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa ja wur da gajiya. Abin da aka samu kawai shi ne aka kafa turakun siminti a gaɓar kwarin, aka ba da umarni kada a yi gini a tsakaninsu. Ba da daɗewa ba aka ɗauke Mushe aka kai shi aikin rijiyoyi a arewa. Umarnin ya rage a wuyan Baffa shi kaɗai.

Fari na biyu ya fi na farko muni. Masu gudun yunwa suka sauka a cikin kwarin, don nan ne kaɗai idan ka tona rairayi za ka sami ɗan danshi. Suka kafa bukkokin tabarma da buhu. Baffa ya je ya ce su tashi. Ranar ce tsohuwar nan ta tsine masa. Ta damƙi rigarsa ta ce, "Mun bar shanunmu ga ungulu, mun binne ƴaƴanmu a hanya, kai kuma ka zo kana tsorata mu da ruwa? Allah ya hana ka abin da ka hana mu."

Ya tsaya har ta gama, ya ce, "Amin, in zalunci na yi. Ku kwashe kayanku."

Gonarsa ta tudu ya kai su, wadda ke ciyar da gidansa idan an sami damina, ya ce su zauna, ta zama tasu. Iya ta yi kuka ta ce ya yanka su ba wuƙa. Tudun kuwa ba ruwa, nesa da rijiya. Sai ga dattijo, mai unguwa guda, ya koma sana'ar ƙuruciya. Shi da jakinsa da gwangwanaye, safe da yamma, yana kai wa baƙi ruwa har aka haƙa musu rijiya. Asalin Unguwar Tudu ke nan. Duk da haka, a bazarar nan mijin tsohuwar ya mutu a tudun, aka sami masu cewa da an bar su cikin danshin kwari da bai mutu ba. Baffa bai taɓa kare kansa a kan wannan ba. Ni ma har yau ban san amsar ba.

Faɗansa mafi zafi da ƙanensa ya yi, wato mahaifina. Baba ya dawo daga cin rani a Kano da kwanon rufi da niyyar fita daga gidan gado, don gidan ya yi mana kaɗan, ƙannena maza sun isa aure. Filin raken kakanmu da ke cikin kwari kuwa rabonsa ne. Ya sa aka fara cura tubali. Ina wurin na kai wa magina abinci lokacin da Baffa ya gangaro.

"Yaya, ƙasar ubana ce," in ji Baba tun kafin a tambaye shi. "Ban ci ta kowa ba."

"Ubanmu rake ya shuka a nan. Bai taɓa kwana a nan ba."

"Yaushe rabonka da ganin ruwa a wurin nan? Waɗanda aka haifa bayan ruwan ƙarshe har sun yi gemu."

"Zo ka gina a wajena. In rushe zaurena in ba ka."

"In zauna ƙarƙashinka har in mutu? Ka ba baƙi gonar da za mu ci, yanzu kuma ni za ka kora daga gadona? Mai unguwa kake, Yaya, ba kai ke saukar da ruwa ba."

Baffa ya dube shi ya ce, "To, bawan Allah." Ya juya.

Kowa ya zaci bariki zai nufa. Da ya je, jandarmomi za su zo su rushe ginin, wataƙila su tafi da mai shi, don a lokacin ba a wasa da umarnin soja. Bai je ba. Ya iya tashin baƙo, bai iya miƙa ɗan'uwansa ga masu kaki ba. Da mutane suka ga ƙanen mai unguwa ya gina ba abin da ya faru, sai kowa ya gangara. Alhajin nan ɗan kasuwa ya gina magaza, mahauta suka gina, masu dawowa daga cin rani suka gina. Turakun siminti suka zama wurin ɗaure awaki. Baffa yana bi ta tsakanin gidajen da sandarsa kullum da safe, yana faɗa, ana gaishe shi ana wucewa.

Bai taɓa taka ƙofar sabon gidanmu ba, ko ranar suna. Mahaifiyata, Inna, ita ta riƙe ɗan zumuncin da ya rage. Duk Juma'a takan dama fura da nono idan an samu, ta haura da kanta ta kai masa bakin gaɓa, ya zauna kan turke ya sha. Yana son furarta, yana kuma jin nauyinta fiye da kowa. Na ji shi da kunnena yana ce mata, "Ranar da kika ji ƙara daga sama kamar kamiyo na tahowa, kada ki tsaya ɗaukar komai. Ki fito yadda kike."

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, in ruwan nan ya zo ai baki zan buɗe in sha."

Daminar da ta wuce ruwa ya dawo. Da farko murna aka yi. Tsofaffi suka fito suka tsaya cikin ruwa suna kuka, gero ya tashi kore shar kamar ba a taɓa yin fari ba. Sai aka shiga marka, aka kwana ana yi aka wayi gari ana yi. Da hantsi ya ɗan tsagaita, mutane suka fara fitowa suna gyaran indararo. Ina gidan mijina a saman gaɓa na ji ƙarar, na kuma ji muryar Baffa ta riga ta. Yana gudu a bakin kwarin, tsoho da shi, yana kiran gidaje da sunayen masu su, har waɗanda ya yi shekaru bai kira sunansu ba. Kafin in isa, ruwa ja kamar kunun kanwa ya cika lunguna, yana tafe da jinkar rumbuna da awaki da tabarmi. Baffa ya shiga har ƙugu, ana miƙo masa yara yana miƙawa sama.

Inna ta fito. Na gan ta, na riƙe zanenta a kan gaɓa. Tana haki tana duban gidan, sai ta ce, "Geron." Buhu guda ne ya rage musu a ɗaki kafin sabo ya nuna. Wanda bai tsaya layin jar dawa da ƙwarya a hannu ba, ba zai gane abin da ya sa ta fizge zanenta daga hannuna ba. Baffa ya ƙwala mata kira, ya bi ta, ruwa ya kayar da shi, samari suka jawo shi. Muna kallo katangar ɗakin ta kwanta. Sai bayan la'asar aka same ta, can ƙasa wajen giginyu.

Mutanen Unguwar Tudu, da ruwa bai taɓa su ba, su suka buɗe ɗakunansu ga waɗanda gidajensu suka rushe. Baffa ya kwashe Baba da ƙannena ya kai gidansa. Na yi tsammanin yanzu za a ce ya yi gaskiya. Wasu kaɗan sun faɗa. Amma abin da ya fi yawo a bakin rijiya da kasuwa shi ne, "Shekara da shekaru yana kiran ruwa, to ga shi ya amsa masa." Ba wanda ya faɗa a gabansa, amma ya ji. Mata suka fara janye ƴaƴansu idan zai wuce, kada ya yi magana a kansu.

Daga nan bai sake gangarawa kwari ba. Ya jingine sandar a bayan ƙofa. Yakan zauna a ƙofar zaure ya ɗaga kai ya yi ta duban sama ko da rani ne, babu gajimare ko ɗaya. Abinci sai Iya ta tsaya a kansa. Idan aka kawo masa fura sai ya kawar da kai. Shi da Baba suna gida ɗaya, suna sahu ɗaya a masallaci, amma daga "ina kwana" sai "lafiya lau". Ba gaba suke yi ba. Kowannensu ne ya kasa duban idon ɗan'uwansa.

Da ciwon ya tsananta, wata rana da azahar ina ba shi magani, Baba ya shigo da aska ya ce sumar Yaya ta yi yawa. Ya tallabe kansa a cinya ya fara yi masa aski. Can Baffa ya kira shi da sunan da uwarsu ke kiransa, wanda ni ban taɓa ji ba.

"Da na je bariki, da ka tsane ni har mutuwa, amma da tana nan."

Hannun Baba ya tsaya. "Ni na gina, Yaya."

"Ni kuma faɗa kawai na iya. Akwai yadda ake gaya wa mutum magana ya ji, ban koya ba."

"Ko da zuma ka haɗa ba zan ji ba. A lokacin ba zan ji ba."

Baffa ya rufe ido. Baba ya ƙarasa askin, ya goge masa kai da hannun rigarsa, ya fita bayan gida. Na ji shi yana kuka irin na maza, wanda ba ya fita da kyau. A bazarar nan Baffa ya cika, da safe, bayan ya tambayi Iya ko an kai wa jakinsa ruwa.

Bayan sadakar arba'in, ina dawowa daga kasuwa na bi ta gaɓar kwari. Ambaliyar ta bar laka mai laushi, irin wadda magina ke so. Samari da suka dawo daga cin rani sun tuɓe riguna suna kwaɓa ta da ƙafa, tubala a jere suna shan rana a kan tushen gidajen da suka rushe. A tsakiyarsu na hango Baba tsaye, shi kaɗai, hularsa a hannu.

"Ƴaƴana," na ji yana cewa, "nan matata ta mutu. Daidai inda kake tsaye. Don Allah kada ku gina a nan."

Suka dakata. Suka durƙusa suka gaishe shi da ladabi, suka ce Allah ya ji ƙanta, Allah ya ba da haƙuri. Sannan babbansu ya ce, "To ina za mu je, Baba? Tudu ya cika, a gidan gado ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Kuma irin wancan ruwan ai ba kowace shekara yake zuwa ba."

Na gangara na kama hannun Baba muka hauro. Yaran kirki ne, sai da suka ga mun kai saman gaɓa sannan suka koma cikin lakar.

Ya Allah, ka yafe wa Baffa zafin harshensa, ka karɓi gaskiyarsa, ka yalwata masa makwanci shi da Inna. Damina ta kusa. Ka saukar mana da ita da sauƙi.